Aikin Yana Can Yana Tafiya

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma layin intanet ya yanke. Daga gida nake kwashe hotunan marasa lafiya daga tsohuwar sabar ofis, wato babbar kwamfutar ajiya, zuwa sabuwa, aikin da ke cin yini. 'Yata Gimbiya ta tsala kuka, na tashi na ba ta nono, na dawo na tarar baƙin allon ya sandare, aiki ya mutu a tsakiya. Sai daga farko. Oga ya ce in ban gama kafin Juma'ar sama ba, in dawo ofis. Ke nan gidan raino zan kai ta, ita da ko zama ba ta iya ba.

Laraba, 5 ga Maris
Hannu ɗaya na tallafe ta, ɗayan yana danna madanni don kada sabar ta ɗauka na tafi. Ta saki nono tana kallona. Na ce, "Yi sauri mana!" Jaririya fa. Allah ya yafe min.

Alhamis, 6 ga Maris
Anti Mai Gilashi ta kira, wadda duk ofis ke tsoron bakinta. Na zaci faɗa ne. "Ke, don me kike ɗaure aikin a ƙafarki?" Ta sa na buɗe wani abu wai shi tmux. "Ɗaki ne a can cikin sabar. Saka aikin a ciki. Ko layi ya yanke, yana can yana tafiya, in kin dawo ki sake shiga." Har zan ajiye waya ta ce, "Ni ma da goyo na koye shi." Ban ma san tana da 'ya'ya ba.

Litinin, 10 ga Maris
Wuta ta ɗauke da hantsi, intanet ya bi ta. Da ta dawo na shiga sabar, na kira ɗakin. Ga sunayen hotuna nan suna ta gudu, ko a jikinsu! Ihun da na yi, sai ga maigida ya fito daga wanka da kumfa a kunne. Anti, Allah ya biya ki.

Talata, 11 ga Maris
Duk da haka ina ta leƙa allon. Maigida ya ce, "Wai tagwaye kika haifa ne ban sani ba?"

Alhamis, 13 ga Maris
An gama, alhamdulillahi! Oga ya ce in ci gaba daga gida. Na kira Anti ina ta godiya. Ta ce, "Gaida min 'yata, ki daina cika min kunne."

Juma'a, 14 ga Maris
Sabon aiki. Ina cikin yi Gimbiya ta motsa, ban ma jira kukan ba. Na fita daga ɗakin sabar da kaina, na rufe kwamfutar. Don dai kada ta yi zafi ne.

Ta sha har ta yi barci, riƙe da yatsana gam. Ashe in tana sha yatsa take nema. Da wannan hannun nake danna madanni.