Sunan da Aka Goge Daga Ƙasan Zane

Zuwa ga ɗan ƙanwata, Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Takardarka ta iso. Kafin in amsa, bari in tuna maka wanda kake rubuta wa. A aji uku na sakandare na tsaya. Da tsintsiya na shiga masana'antar nan. Ba wanda ya koya mini kwamfuta, ni na riƙa zama gabanta lokacin hutun rana har ta saba da ni. Bututu dubu huɗu da ɗari biyu na bi da ƙafata, wani a rufi, wani a ƙarƙashin ƙasa, na zana su a kwamfutar ɗaya bayan ɗaya cikin shekara goma sha tara. Ko tsani ba wanda ya riƙe mini.

Sai ga ka da digirinka. Ni na kai ka wurin manaja da hannuna. Bayan wata shida aka ba ka kujerata, ni aka ba ni agogon bango. Sati bai cika ba ka goge sunana daga akwatin da ke ƙasan zanen, ka sa naka.

Yanzu wai maus ɗin kwamfuta ya ƙi aiki: kibiya tana yawo, amma in ka danna bututu ko gezau. Na ji har sababbi biyu ka saya. Sayi na uku. Na san abin da ke damun zanen. Mayar da sunana, sai in faɗa.

Ka huta lafiya.
Kawunka

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa, a gaida uwargidanka, Inna. Kawu, ranar Alhamis masu duba lafiyar injuna za su zo. Dole sabon bututun tururi ya shiga zanen kafin nan. Manaja ya ce in bai shiga ba in ajiye makullin ofis.

Na kashe kwamfutar na kunna, na gwada a wata, na sake ɗora manhajar. Ƙananan zane-zane suna amsawa lafiya lau, naka ne kawai ya kafe. Maganar suna kuwa, doka ce: injiniyan da ke sa hannu shi ake rubutawa. Mama ma tana roƙonka. Ka yi haƙuri.

Ɗanka

Injiniya,

Muna lafiya. Ka gaya wa uwarka ta daina aiko mini da kuka, ba ni na haifa mata ragon ɗa ba. Shekara biyar a jami'a, ɗan abin da ake turawa da yatsa biyu ya gagare ka. In an kore ka kada ka damu, tsintsiyata tana nan bayan ɗakin tukunyar tururi. Ita ba ta kafewa.

Kawunka

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba sai ka wahalar da kanka ba, na gano. Wani ƙaton murabba'i marar launi ka shimfiɗa a kan zanen gaba ɗaya, kamar gilashi, ka kulle shi. Duk dannawar da nake yi a kansa take sauka. Na cire, komai ya motsa.

Sai na tambayi kaina me ya sa. Manhajar tana ajiye tarihin kowane gyara, Kawu. Shekara uku da suka wuce bututu suka fara gocewa, kana mayar da su, suna gocewa, wata rana har sau sittin. Hannunka ke rawa, yana ture su. Guda ɗaya ba ka lura ba, ya zauna a zanen taku huɗu daga inda yake a ƙasa. Shi wani lebura ya sara da diga, tururi ya dafa masa ƙafa, kuka ce shi ya yi ganganci, aka sallame shi. Washegari ka shimfiɗa gilashinka. Daga ranar ba ka ƙara zana ko layi ɗaya ba, zama kawai kake kana kallo.

Zan sa wannan a rahoton Alhamis. Don darajar Mama zan rubuta "ma'aikacin da ya gabata". Ka gaida Inna, rubutunta yana da kyau. Na gane shi tun wasiƙar farko.

Ɗanka

Injiniya,

Wannan da hannuna na rubuta, tun safe nake kai. In layin ya karkace ka karanta haka.

Ba na son alfarmarka. Ba wani ma'aikacin da ya gabata, ni ne. Ka rubuta sunana a kan wannan bututun, a nemo leburan a gaya masa. Sannan ka rubuta shi a kan sauran dubu huɗu da ɗari da casa'in da tara. Cikakke, da na mahaifina.

Kawunka