Hula Mai Ƙararrawa a Trier

Juma'a, 12 ga Satumba
Mun iso Trier, tsohon birnin Rumawa, ni da abokaina na karta, Jupp da Ottmar. Bana ni ne jagora. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da tarihin Rumawa ga yaran da ba sa saurare, yau ga ni da tsofaffi biyu irinsu. Ina bayanin baƙar ƙofar gari, Ottmar ya ce, "Furofesa, wannan dutsen ana cinsa? Yunwa nake ji." Su kaɗai suka rage mini, abin takaicin ke nan.

Asabar, 13 ga Satumba
Jupp ya ɓace a kasuwa. Muka same shi yana bin bayan wani baƙo mai riga irin tawa. Dokar ƙungiyarmu tun muna da gashi: wanda ya ɓata, shi zai yini da jar hular nan mai 'yan ƙararrawa. Na zaro ta daga jaka. Ottmar ya riƙe mini hannu. "Bar shi, Winfried. Ban da yau." Na ce doka doka ce, na kifa wa Jupp ita a gaban jama'a. Har na ƙara da cewa tun a makaranta bai taɓa ganin abin da ke gaban hancinsa ba. Mutane suka yi dariya. Na ji daɗi. Na rubuta ne don gaskiya ne: na ji daɗi.

Jupp ya gyara mata zama, ya ce, "Ta yi mini kyau, ko? Yanzu ko na ɓata za ku ji ni."

Asabar ɗin dai, da la'asar
Ottmar ya tare ni a bakin ɗakin kwana. Ya ce idanun Jupp ne ke mutuwa. Likita ya ce kafin bazara sai dai ya ga inuwa. Jupp ne ya roƙi a zo Trier, yana so ya ga babbar majami'ar garin tun da sauran gani. Na ce me ya hana a gaya mini? "Wa ke gaya maka abu, Furofesa? Kai ne mai gaya wa mutane."

Ban sauka cin abinci ba.

Lahadi, 14 ga Satumba
Na je in karɓi hular in jefa ta kogi. Jupp ya hana. "Ba a ba ni haƙuri da safe, yana ɓata mini ciki. Amma dabarar ta yi, kan da aka ɗora wa ne ba daidai ba. Ni ba ƙarar kaina nake bukatar ji ba."

Sai da na daɗe kafin na gane.

Daga masauki har majami'a ni ne a gaba, hula a kaina, ina kacau-kacau kamar akuya. 'Yan mata suka ɗauke ni hoto. Jupp bai ɓata ko sau ɗaya ba. A ciki na cire ta, ya kama gwiwar hannuna. Na fara da shekarar da aka aza tubali. Ya ce, "Bar shekaru. Wane launi ne can sama?" Ban sani ba. Sai da na ɗaga kai.

Alhamis, 18 ga Satumba
Gida. Hular tana cikin aljihun kwat ɗina, mantuwa ce kawai. Jupp zai je asibiti gobe, tashar jirgin ƙasa kuwa akwai cunkoso. Dama ina da abin yi a unguwar asibitin.

Ba ni da komai a unguwar.