Kifin da ke Ƙarƙashin Motar Baba

Zuwa ga Kawu Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana samun sauƙin idanu, ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ban taɓa yin dogon zance da kai ba, ko gaisuwa kaina a ƙasa nake yi. Na san Yaya Sani ne zai karanta maka a can Zariya inda kake jinya, don Allah ka hana shi yi mini dariya.

Maganar motar Baba ce, tsohuwar a-kori-kurar nan fara da yake kai masara kasuwar Yankara da ita.

Ka tuna kakar da shasinta, ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, ya tsage ta baya, gefen direba, daidai inda sifirin ya kama? Ina aji ɗaya na sakandare. Baba ya lallaɓo da ita gida, bayanta a karkace. Washegari da hantsi ka zo Ketare daga Kankara da injin waldarka. Ni aka aiko da furarka, na ajiye, na maƙale a bakin zaure na kasa komawa.

Ba ka yi gaggawar kunna inji ba. Ka kwanta a ƙarƙashinta, ka kankare laka da tsatsa, ka bi tsagar da yatsa har inda ta ƙare, ka ɗiga alli. A nan ka huda ɗan ƙaramin rami. Maƙwabcinmu Alhaji Mamman ya ce, "Malam Isiyaku, gyara aka kira ka ko ƙari? Mota ta tsage, kai kuma kana huda ta!" Kowa ya yi dariya. Ko fitowa ba ka yi ba, daga ƙasa ka ce, "Tsaga tafiya take yi, Alhaji. In ban gina mata wurin tsayawa ba, ta ƙarƙashin waldar za ta wuce."

Bayan ka liƙe tsagar, sai ka yanko ƙarfen da za ka ɗora a kai. Ba mai kusurwa huɗu ka yanka ba, mai tsini biyu ne, kamar kifi. Ka ce wa Baba mai kusurwa huɗu yakan tara nauyi a layi ɗaya, sabuwar tsaga ta fito a gefensa. Ka riƙa walda kaɗan-kaɗan, kana barin ƙarfen ya huce. Can ka hango ni, ka ce, "Uwata, kau da idonki daga wutar nan." Na kau da kai, Kawu. Yanzu duk na tuna da idanunka sai maganar ta dawo mini.

Makonni uku da suka wuce, ana tsakiyar ɗura masara a buhu, ɗaya gefen shasin ya tsage. Baba ya kira wani mai walda daga wajen Faskari. Ina shara a zaure na ji mai waldar yana cewa zai liƙe kawai ya ɗora farantin ƙarfe, kafin azahar ya gama. Na hango motar da kaya niƙi-niƙi a ramukan hanyar Sabuwa, Baba a ciki, bayanta ya karye.

Ka san ba zan iya magana a cikin maza ba. Na yago takarda daga littafin lissafina, na sa rula na zana tsagar, na ɗiga ramin a ƙarshenta, na zana kifin a kai. Na roƙi Inna ta ɗora a kan murfin kwanon Baba. Ta dube ni ta ce, "Ke yanzu har ƙarfe kika sani?" Amma ta ɗora.

Ta kafar ƙofa nake leƙe. Baba ya daɗe yana kallon takardar, bai taɓa tuwon ba. Sai ya tuɓe hula ya shiga ƙarƙashin mota, ya kira mai waldar. Kifinka na nan, shekara huɗu ke nan, laka ta rufe shi amma ko gezau. Mutumin ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Wane ne ya yi wannan? Allah ya yi wa hannunsa albarka." Ya tashi ya nemo abin huji, ya kuma yanko ƙarfe mai siffar kifi. Sai bayan la'asar ya gama.

Motar ta je Yankara sau biyu, ta je Sabuwa sau ɗaya, ta dawo a miƙe. Na ji Baba yana gaya wa Inna, "Ɗiyar nan ta Isiyaku ce." Takardar tana cikin aljihun motar, ya hana a taɓa.

Kawu, Inna ta ce Yaya Sani ya faɗa mata a waya wai kana cewa hannunka ya daina amfanar kowa. Shi ya sa na kasa yin shiru. Kullum Baba ya fita da kaya, hannunka ne yake riƙe da shi ta hagu, yanzu kuma har ta dama.

Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da ganinka, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah ya dawo mana da kai ka shafa kifi na biyu da kanka, ka faɗa mana ko ya yi.

Akwai abin da har yau ban gane ba, wato dalilin barin ƙarfe ya huce. Idan ban takura maka ba, ina roƙon izini in sake rubuto maka.

Ɗiyarka,
Hauwa'u, wadda kake kira Uwata