Shekarar da Shanu Suka Sauko Ba Fure

Bukkar kiwo, 19 ga Agusta

Yaya Hedwig,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya gwiwar taki, har yanzu tana hana ki hawa bene? Ki gaida mijinki da jikoki. Ni jikina lafiya lau, zuciyata ce ke tafasa.

Linde ta mutu, saniyar nan mai farin goshi da kika ce tana harara kamar surukarki. Ranar Talata wani cikin masu hawan dutse ya bi hanyar da ta ratsa wurin kiwonmu, ya buɗe ƙofar shinge, ya wuce abinsa. Hazo ya sauko, ta fita, ta zame a gangaren bayan marmaro. A ƙasan kwazazzabo muka hango ta.

Allo na kafa a ƙofar nan mai cewa a rufe, da harsuna huɗu, har da zanen hannu yana rufe ƙofa. Shekara ashirin ina koyar da yara karatu a ƙauyen nan, ban taɓa samun mai taurin kan babba mai sanda biyu da takalmi mai tsada ba.

Kada ki tuna mini, na sani. Ni na miƙe a taron gari na ce mu buɗe wa baƙi ɗakunanmu, mu ciyar da su cukunmu, ko samarinmu sa daina gudu birni.

Ƙanwarki,
Walburga

6 ga Satumba

Yaya Hedwig,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da maganin ya karɓe ki, sai dai ki rage kek ɗin nan.

Jiya Engelbert, ƙanen mijina, wanda yanzu shi ne shugaban kwamitin baƙi, ya hawo yana haki. Zancen ranar saukar da shanu daga kan dutse zuwa ƙauye ya kawo shi. Kin san ƙa'idar tun muna yara: saniyar gaba tana sa kambin furanni ne kawai idan duk garken ya dawo da rai.

Ya ce, "Haba matar yaya, wa zai tsaya ƙirga shanu? Mota uku ta baƙi za ta zo, kambi suka zo gani."

Na ce, "To ka ɗora a naka kan mana, ga fili nan fetal, ko gashi ɗaya babu."

Ya ce in na kunyata gari, kwamiti zai cire gidana daga masu saukar baƙi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni Agnes ce, maƙwabciyarmu, da ta tare ni a ƙofar coci. Ɗanta ya baro birni ya dawo yana yi wa baƙi jagora. Hannuna ta riƙe, na san tsoronta kada baƙi su daina zuwa ya koma birni.

Ba zan ɓoye miki ba, har na ciro akwatin kambin na buɗe. Sai na tuna Baba, shekarar da tsawa ta kashe mana karsana. Haka ya sauko da su ba fure, maza suka cire hula a bakin hanya, babu wanda ya yi tambaya. Kambin nan magana ce, Yaya, cewa yake yi duk mun dawo. Ni kuwa ba duka muka dawo ba.

Taki,
Walburga

23 ga Satumba

Yaya Hedwig,

Gaisuwa da fatan sanyi bai fara taɓa ki ba. Mu nan dusar ƙanƙara ta riga ta hau ƙololuwar duwatsu.

Na sauko da shanun ba fure. Baƙin ƙyalle na ɗaura wa ta gaba a ƙararrawar wuyanta. Baƙi sun yi layi a gada, kowa ya ɗaga waya, sai na ga wayoyin suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Engelbert ya yi ja kamar naman da aka shanya a hayaƙi.

Wata mata mai jar riga ta ce, "Baiwar Allah, ina furannin da muka gani a hoto?"

Na tsayar da garken tsakiyar gada. Da muryar aji na gaya musu sunan Linde, da shekarunta, da yadda ƙofa ɗaya ta kashe ta. Na ce ban san ko wane ne ya bar ta a buɗe ba, amma yana da hannu biyu kamar kowannenku.

Na zaci za su koma mota. Ko ɗaya bai tafi ba. Bayan shanun suka biyo shiru har dandali. Yanzu Engelbert cewa yake yi in riƙa yin jawabin nan duk shekara, wai ya shiga ran mutane. Na ce sai dai ya riƙa tura mini saniya kwazazzabo duk shekara.

Jiya na hau rufe bukka. Ƙofar shingen a ɗaure na same ta da igiyar takalmi har kala biyar, ƙulli kan ƙulli. Minti goma sha biyar ina fama cikin ruwan sama, ina zagin baƙin da suka ɗaure ta da harsunan allon duka huɗu, sannan na sa wuƙa.

Da na wuce sai na ga na juyo na ɗaure ta da ƙyallen wuyana. Alhali babu ko saniya ɗaya a saman dutsen, Yaya.

Ki aiko mini da wani ƙyallen wuyan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Walburga