Tsohon Matuƙi Yana Barci

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da yara? Ni lafiya lau nake. Hannuwana ne kawai suka tsattsage da sabulun wankin asibitin nan, amma an saba.

Na gama kallon shirinmu na jirgin da ke neman wata duniya. Har aka ƙare ba a sake nuna tsohon matuƙin ba, sai dai a ce yana cikin akwatin barci. Abokiyar aikina ta rantse zai farka idan sun sauka a kashi na gaba. Ni ban yarda ba. Kai ka koya min tun muna kallo a ɗakin Baba: duk wanda aka daina nuna fuskarsa, sai labarinsa a bakin wasu, to akwai lauje cikin naɗi.

Yaya, kwanakin nan duk na kira sai ka ce Baba yana barci. Rannan kuma da muna kiran bidiyo na hango kujerarsa a bayanka, an jibga mata kayan wanki. A da, wa ya isa ya yi haka?

Allah ya ƙara maka girma. Gobe zan kira. In barci yake, kada ka tashe shi. Ka juya min wayar in ga yana numfashi.

Ƙanwarka