Mutumin da Ke Cikin Igiya

Zuwa ga Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan saƙon nan zai same ka da rai, ko a wane daji kake.

Yaya, na karya alkawari. Na ƙarasa fim ɗin nan ba da kai ba.

Ka tuna Juma'ar da ka zo wurina Safana, muka jingina wayata da buta a zaure? Tsohon fim ɗin sarkin nan na zamanin da, wanda ya cinye ƙasashe tun yana saurayi. Kai kana ta zuga sarkin, sai ka ce ɗan ɗakinmu ne. Aka kira la'asar daidai inda mayaƙansa suka jera mutanen wani gari a igiya ɗaya. Ka tsayar, ka ce, "Sarki ma ya jira salla. Kar ki ƙarasa sai na dawo."

Ana idarwa ka hau mashin don ka isa Batsari da sauran rana. Washegari ka tafi yankan gero gonarmu ta Ruma, 'yan bindiga suka tafi da kai. Damina biyu ke nan.

Jiya da na je gida Batsari, Baffa ya ce a yi maka sadakar mamaci. Inna ta ce ba da ita ba. Suka juyo suna kallona. Shi ne na kunna fim ɗin, in ga ko ana kwance mutanen nan.

Masu fim ɗin sun yi aiki, ba ƙarya. Dawakai, kiɗa, sarki kyakkyawa. Amma ni idona na kan wani dogo a cikin igiyar, takalmi ƙafa ɗaya, yana ta waiwaye. Tafiyarka ce sak. Na bi fim ɗin har sarki ya mutu a kan gadonsa, duniya na kuka. Dogon nan ba a sake nuna shi ba. Ko suna ba su ba shi ba. Wannan ban yafe musu ba.

Na mayar da fim ɗin inda ka tsayar. A nan dai mutumin yana tsaye da ƙafafunsa. Baffa kuma na roƙe shi ya dakata.

Ina kewarka, Yaya, kuma ina jin tsoro. Allah Ya kwance igiyar da ke hannunka, Ya dawo mana da kai. In kuma ka riga mu gidan gaskiya, Ya sanar da Inna a hankali.

Ƙanwarka mai karya alkawari,
Hadiza