An Rubuta Ba Ka Zo Ba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta taɓa isa hannunka ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai ne mai ita.

Mutanen gida lafiya. Inna ta fara fita barka da biki. Rumfarka ta Zuba tana hannun Kawu Sale, wanda har yau bai iya zaɓen kankana ba, sai ya ƙwanƙwasa ta ya yi ta gyaɗa kai kamar ya ji wani abu. Ni kuma an ɗauke ni daga Bwari, an kawo ni aikin jinya a asibitin da kake zuwa saboda hawan jini. Ka ga ikon Allah.

Watan jiya shugabarmu, Sista Rifkatu, ta ce mu zana hanyar da mara lafiya yake bi, tun daga bakin ƙofa har ya karɓi magani. Na yi tsaki a raina. Mu da layi ya sha kanmu, ina muka ga lokacin zane kamar 'yan firamare? Aka manna manyan takardu a bango, aka ce kowa ya bi mutum ɗaya ƙafa da ƙafa, yana rubuta inda ya tsaya da lokacin. Ɗakin kati, benci, ɗakin likita, tagar magani.

Ni aka haɗa ni da wani dattijo mai sayar da ayaba. Tun hantsi ya sa aka fito da katinsa, ya zauna a benci. Da aka kira azahar ya tashi ya bi sauran dattawa masallaci. Fitarsa ke da wuya aka kira sunansa, sau biyu. Da aka ji shiru aka rubuta bai zo ba, aka mayar da katin ma'ajiya. Ya dawo da damshin alwala a gemunsa, ya koma mazauninsa yana jan carbi, yana jiran kiran da an riga an yi. Bai tambayi kowa ba. Da ban je na ɗauko katin ba, haka zai zauna har a tashi, ya koma gida babu magani.

Da muka haɗa zanenmu a bango, Baba, sai abin ya fito fili. Layukan dattawan nan duk suna tafiya daidai, sai su yanke a wuri ɗaya, lokacin azahar. Shekara da shekaru muna cewa 'yan kasuwa ba su da haƙurin layi. Ashe mai kira ya yi aikinsa, mai kati ya yi nasa, dattijo ya yi sallarsa, babu mugu ko ɗaya, amma mutane suna zubewa a tsakani. Yaya aka yi takarda da alƙalami suka ga abin da idanunmu duka suka kasa gani? Har yanzu in na wuce bangon nan sai na tsaya na yi tasbihi.

Gyaran ma abin dariya ne. Kwandon roba muka ajiye a bakin ƙofar likita. Duk mai fita salla a sa katinsa a ciki, in an dawo a fara da su.

A ranar da muka haɗa zanen na shiga ɗakin kati na nemo naka. Na buɗe. Sau huɗu a jere an rubuta ba ka zo ba.

Ka tuna lokacin da na sa wata ƙawata ta duba mini katin nan ta waya? Na zo gida na ɗaga maka murya a gaban Inna, na ce sayar da lemo ya fi maka lafiyarka. Ka ce mini ka je. Sau ɗaya ka faɗa, ba ka sake ba. Na gaskata biro na ƙaryata mahaifina. Me ya hana ka ce mini wuni kake yi a benci? Na san amsar. Kai in an ce ka jira, jira kake yi, kuma ba ka jayayya da 'yar cikinka. Bayan wata biyu ka faɗi a rumfa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ba ina jayayya da hukuncin Allah ba ne. Abin da ke cina shi ne ka tafi kana ganin ban yarda da kai ba.

Doka ta hana a goge abin da aka rubuta a katin asibiti, shi ya sa nake rubutawa a nan. Baba, ka zo. Ka zauna, ka jira, mu ne ba mu gan ka ba. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a Aljanna. Sai mun zo.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza